Mita 121.5: Tashar Gaggawar Jiragen Sama da Darasin 1988

Da safiyar 3 ga Yuli, 1988, jirgin fasinja na Iran Air mai lamba 655, ƙirar Airbus A300, ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai ɗauke da mutum 290. Bai kai ko'ina ba jirgin ruwan yaƙin Amurka, USS Vincennes, wanda ke artabu da ƙananan jiragen ruwan Iran a yankin mashigin Hormuz, ya harbo shi da makamai masu linzami. Babu wanda ya tsira. Sojojin sun ce sun zaci jirgin yaƙi ne ƙirar F-14, kuma sun yi ta gargaɗi ta rediyo ba a amsa ba.

Dangane da irin wannan kiran rediyo, an ware mita 121.5 a duk duniya domin jirgin farar hula da ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ko wanda ake neman tuntuɓa cikin gaggawa. Sojoji kuma suna da tasu, mita 243.0. Manyan jiragen fasinja na da rediyo biyu ko uku. Ta farko ita ce ta magana da jami'an kula da zirga-zirgar jirage, ta biyu kuwa akan bar ta a kan tashar gaggawa. Sai dai da wannan ta biyun ake sauraron rahoton yanayi, da ita ake kiran kamfani, don haka lokacin tashi da sauka akan juya ta ko a rage mata murya.

Binciken hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ya nuna inda gizo ke saƙar. Mafi yawan gargaɗin Vincennes a kan mitar soja aka yi shi, wadda rediyon jirgin fasinjan ba ta kamawa. 'Yan kiran da aka yi a kan 121.5 kuma ba su ambaci lambar jirgin ba, sai bayanin matsayi da gudu waɗanda matuƙi zai iya ɗauka da wani ake. A daidai lokacin, matuƙan na magana da jami'an filin jirgin Bandar Abbas, suna ci gaba da hawa a kan hanyar da aka ware musu, alhali jirgin ruwan ba shi da na'urar sauraron wannan tattaunawa. Hukumar ta yanke cewa ko dai matuƙan ba sa sauraron tashar, ko kuwa sun ji amma ba su gane da su ake ba.

Shekara biyar kafin nan, a 1 ga Satumba, 1983, Tarayyar Sobiyat ta kakkaɓo jirgin Koriya ta Kudu mai lamba 007 kusa da tsibirin Sakhalin, mutum 269 suka halaka. A can ICAO ta gano ba a ma yi ƙoƙarin kiran jirgin ta rediyo ba.

Yau ƙa'idar ICAO ta wajabta sauraron 121.5 a doguwar tafiya bisa teku da wasu keɓaɓɓun yankuna, muddin na'urori da aikin tuƙi sun bada hali. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta umarci duk jirgin da ke da hali ya riƙa sauraron ta a sararin samaniyarta. Nauyin ya ƙaru daga 1 ga Fabrairu, 2009, ranar da taurarin ɗan'adam na tsarin Cospas-Sarsat, masu kama kiran neman agaji, suka daina sauraron wannan mita suka tsaya ga mita 406 kaɗai. Tun daga nan, kukan tsohuwar na'urar neman agaji ta jirgin da ya faɗi a daji sau da yawa sai matuƙin da ke wucewa ta sama ne ke jin sa ya kai rahoto.

Matuƙan manyan jirage dai suna saurare a mafi yawan tafiyarsu, ƙananan jirage masu rediyo ɗaya kuwa ba kasafai ba. Wani abin da ke sa wasu rage murya shi ne masu wasa da tashar, har da masu kwaikwayon kukan kyanwa a Amurka, da masu danna maɓalli bisa kuskure su yi wa fasinjoji jawabi duniya na ji.