Ranar da Jinin Miji Ya Kusa Halaka Matarsa

Jama'ar Filinge da ƙasar Kurfey, wannan tarihi na duk wanda aka taɓa kira zuwa gidan likita cikin dare aka ce ya zo ya ba ɗan'uwa jini ne.

A 1667 wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Denys, ya ɗura wa wani mai taɓin hankali, Antoine Mauroy, jinin maraƙi a birnin Faris. A karo na biyu hannun mutumin ya ɗau zafi, gumi ya karyo masa, ƙugu ya riƙe, ya yi ta amai, washegari fitsarinsa ya fito baƙi wuluk kamar an dama kunkunniya. Jikinsa ne ke farfasa baƙon jini, ƙoda na kwasar dattin. Ya mutu a 1668, aka je kotu, aka hana aikin.

Sai a 1901 Karl Landsteiner, a Biyana, ya gauraya jininsa da na abokan aikinsa, ya ga wani na dunƙulewa da wani. Daga nan rukunan A, B da O suka fito, AB ya biyo baya a 1902. Mai O yana ɗauke da garkuwar da ke far wa A da B ko da ba a taɓa ƙara masa jini ba.

Aka zaci an gama. Ina!

A 1939 Philip Levine da Rufus Stetson suka ba da rahoton wata mata a New York da ta haifi ɗa ba rai, ta zubar da jini sosai. Aka ƙara mata na mijinta. Shi O, ita O, me zai hana? Cikin 'yan mintoci sai rawar ɗari da ciwon kai da na ƙafafu. Ashe ɗan cikin ya gaji wani abu a jinin uban wanda ita ba ta da shi, jikinta ya haɗa masa garkuwa tun tana da cikin. Jinin mijin na shiga, garkuwar ta afka masa. Abin da ake kira rezus ke nan a yau, alamar ƙari ko ragi da ke gefen harafin katinku.

A ganina nan ne labarin ya fi shafar mu, don idan mai haihuwa ta zubar da jini, miji ake fara nema. Haihuwa da yawa da ƙarin jini akai-akai, irin na masu sikila, duk suna sa jiki tara irin wannan garkuwa. Shi ya sa ma'aikacin awo ke haɗa jinin majinyaci da na leda kafin a rataya, ko da harafi ya zo ɗaya, ko da dangi na ƙorafin an ɓata lokaci.

Masu alamar ragi kuwa ba su da yawa a Afirka ta Yamma, samun ledarsu aiki ne. Tun 1968 akwai allurar da ake yi wa uwa mai alamar ragi cikin awa 72 da haihuwa, don kare cikin da zai biyo baya.