Tsarin Raya Ƙasa da Talaucin Karkara a Nijar: Darasi daga Filinge da Ƙasar Kurfai

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tsare-tsaren raya ƙasa da Jamhuriyar Nijar ta shimfiɗa tun daga 2002, ta auna su da halin manoma da makiyayan Filinge da ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi. Hujjarta ita ce, abin da ya fi dawwamar da talauci a wannan yanki shi ne yadda kowace shekarar fari ke cinye jarin magidanci, wato dabbarsa da irinsa da ƙarfin samarin gidansa. Saboda haka tsarin da zai rage talauci shi ne wanda ya zuba kuɗi a ruwan ƙasa na Dallol Boso, da abincin dabbobi, da ajiya da bashi, ya kuma danƙa aikin ga hukumomin da ke kusa da jama'a.

Muhimman kalmomi: tsarin raya ƙasa, talaucin karkara, noman rani, kiwo, Kurfai, Dallol Boso.

1. Gabatarwa

Nijar ba ta taɓa rasa tsari a rubuce ba. A 2002 an fitar da dabarun rage talauci, a 2003 dabarun raya karkara, a 2012 aka ƙaddamar da shirin 3N mai taken 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, tare da tsarin haɓaka tattalin arziki da jin daɗin jama'a, wato PDES, wanda aka sabunta a 2017 da 2022. Hukumomin da suka karɓi mulki a ranar 26 ga Yulin 2023 su ma sun ɗora wadatar ƙasa da abinci a sahun gaba, suka mai da hankali kan manyan filayen ban ruwa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna cewa kason matalauta ya sauka daga kashi 48.2 cikin ɗari a 2011 zuwa 40.8 a binciken 2018 da 2019. Amma a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna jama'arta na ƙaruwa da kashi 3.9 a shekara, saukar kaso ba ta hana yawan kawunan matalauta ƙaruwa ba. Binciken 2018 da 2019 ya kuma nuna inda ciwon yake: kashi 46.8 na mutanen karkara matalauta ne, a birane kuwa 11.8. Tambayar wannan nazari ita ce, me ya sa bunƙasar da ake gani a lissafin ƙasa ba ta zama a gidan manomi? An bi hanyar nazarin takardun tsare-tsaren da alƙaluman hukuma, aka gwada su da yanayin ƙasa da tarihin noma na yanki guda.

2. Farfajiyar nazari

Filinge na da nisan kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da, wanda ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara. Kurfayawa, masu magana da Hausa, suna zaune ne kafaɗa da kafaɗa da Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan, da Fulani makiyaya. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar Filinge sun haura 300,000. Ruwan sama a nan ba ya cika wuce milimita 400 a shekara, yana zuba cikin wata uku, kuma yankin na dab da iyakar arewa ta noma wadda dokar 1961 ta shata. Ƙasa iri uku ce magidanci ke rayuwa a kanta: jigawa, inda ake shuka hatsi da wake a yi noma da hauya, fako da tudun dutse, inda dabbobi ke kiwo, sai kwarin dallol, inda a wasu wurare ake tarar da ruwa bayan haƙan 'yan mitoci kaɗan. Gida ɗaya yakan dogara da dukan ukun, sannan ya ƙara da cin rani a Yamai ko ƙasashen gaɓar teku. Duk tsarin da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya bar sauran, ya ɗauki wani yanki ne kawai na tattalin gidan.

3. Yadda shekarar fari ke haifar da talauci

Lissafin ƙasa kansa ya tabbatar da cewa tattalin arzikin Nijar na bin damina. A 2021, da amfanin hatsi ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa uku, bunƙasar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. A 2022, da ruwa ya wadata, ta haura kashi 11. A takarda, shekara ta biyu ta share asarar ta farko. A gidan Bakurfaye lissafin ba haka yake tafiya ba. Idan dammunan da aka kai rumbu ba su wuce cin wata huɗu ba, maigida zai fara da sayar da akuya, sannan tunkiya, daga bisani saniya. Yana sayarwa ne a lokacin da maƙwabtansa duka suka kora nasu dabbobin kasuwa, ga su a rame, ga kuɗin tiyar hatsi ya hau. Ragon da zai sayi buhu a kaka ba zai kawo rabinsa a bazara ba. Samari su tafi cin rani tun da wuri, wasu ba sa dawowa sai an yi shuka. Wanda ya rage a gida yakan bar gonarsa ya yi ƙwadago a ta wani domin cin yini, nasa noman ya makara. Irin da aka ajiye a ci shi, a karɓi bashin hatsi wanda za a biya da ribi a kaka. Ko da damina mai zuwa ta yi albarka, ta tarar da gida ba taki, ba hannu, ga bashi na jiran girbi. Garken shanu kuwa shekaru yake ɗauka kafin ya maida gurbinsa.

Wannan ya faru a 1973 da 1974, ya sake faruwa a 1984, da 2005 bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004, da 2010, da 2012. Tazarar da ke tsakanin masifun baya-bayan nan ta gaza lokacin da gida ke bukata ya farfaɗo. A nan ne ma'aunin tsare-tsaren ya yi rauni: suna ƙirga tan na hatsi da faɗin filin da aka gyara, alhali abin da ke raba mai hali da matalauci a Kurfai shi ne ko gida ya fita daga mugunyar shekara da jarinsa a hannu.

4. Abin da yankin ya riga ya gwada

Shaida ta farko tana Bonkuku, a Imanan. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a wannan gunduma, ta mai da noman rani manufar ƙasa. A kwarin dallol manufar ta tarar da ruwa kusa da kuma mutanen da suka riga suka san dankalin turawa, har Bonkuku ta zama ɗaya daga manyan wuraren nomansa a Nijar. Ana shuka shi bayan kaka, ya nuna cikin sanyin hunturu a kimanin wata uku, a ɗauke shi zuwa kasuwannin Yamai. Kuɗinsa na shigowa daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, aikinsa kuma na riƙe samari a gida. Sai dai matsalolinsa ma a bayyane suke. Irin da ya fi kyau daga Turai ake kawo shi, da tsada, wani lokaci a makare. Kowa na haƙa a lokaci guda, zafin bazara ba ya barin dankali ya daɗe, don haka manomi ke sayarwa a kan kuɗin da ɗan kasuwa ya yanka. Ribar da aka sha wuyar ban ruwa dominta takan zube tsakanin bakin lambu da kasuwa.

Shaida ta biyu tana Tukunus, arewa da Filinge, inda tun 1954 ake da tashar zaɓen irin shanun Azawak, waɗanda suka yi suna wajen nono da jure zafi. Shekara saba'in na wannan aiki babban jari ne na ƙasa, kuma kasuwar dabbobi ta Baleyara da ke ci ranar Lahadi tana kan hanya ɗaya da Filinge da Yamai. Duk da haka madarar gari ta ƙetare ce ke cika shagunan babban birni. Dalilin a fili yake: saniya mai kyan iri ba ta ba da nono a watan Afrilu idan babu harawa ko dusa, nonon da aka tatsa kuma ba ya kai wa birni idan babu wurin tarawa da sanyaya shi. Ingancin iri ya tsaya a tasha saboda sauran sassan aikin ba su samu kuɗi ba.

Shaida ta uku ta zo daga wasu sassan ƙasar. Bashin jinginar amfanin gona, wanda aka fara yaɗawa a ƙarshen shekarun 1990, yana ba ƙungiyar manoma damar kulle hatsi a sito, ta karɓi bashi a kansa, ta sayar idan kuɗi ya tashi. Asusun Mata Masu Dubara, da ya faro a jihar Maradi a 1991, ya nuna cewa matan ƙauye na iya tara jari su juya shi da kansu. Haƙan ramukan tara ruwa na tassa da rabin wata ya maido da fako cikin noma a Tawa, renon itatuwan da suka tsiro da kansu kuma ya mai da miliyoyin kadada kore a Maradi da Damagaram. Dukansu ayyuka ne masu araha, kuma kowannensu na tsare wani ɓangare na jarin gida.

5. Amsa ga masu ja

Za a ce lambunan dallol ba za su ciyar da ƙasa mai mutum sama da miliyan 25 ba, sai manyan filayen shinkafa da madatsar Kandaji. Gaskiya ne ƙasa na bukatar shinkafarta, kuma gyaran filayen ban ruwa na hukumar ONAHA ya cancanci kuɗi. Amma wadatar abinci a ƙasa da ikon sayen abinci a gida abu biyu ne daban. A 2005 akwai hatsi a kasuwanni, abin saye ne talaka ya rasa. Kandaji, da aka aza tubalinta a 2008, tana bakin kogi, nesa da Kurfai. Rijiya da famfo mai aiki da hasken rana kuwa suna fara biyan kansu cikin 'yan shekaru.

Za a kuma ce man fetur zai ɗauke nauyin, tunda bututun Agadem zuwa Seme ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Uraniyom ya taɓa yin irin wannan alkawari a shekarun 1970, kuɗinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙauye bai canja ba. Haƙar ma'adinai na ɗaukar ma'aikata kaɗan, alhali kusan kashi 80 na 'yan ƙasa da noma da kiwo suke rayuwa. Rahoton Bankin Duniya na 2008 ya nuna cewa bunƙasar da ta fito daga noma ta ninka ta sauran fannoni aƙalla sau biyu wajen rage talauci. Amfanin kuɗin mai ga Kurfai ya rataya ne kan kason da kasafi ya mayar karkara, bisa alkawarin da ƙasashen Afirka suka yi a Maputo a 2003 na ware wa noma kashi 10 na kasafi.

Ja mafi nauyi shi ne na tsaro. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a arewacin Tillaberi, hare-hare sun tashi ƙauyuka a yankunan Abala da Banibangu, an sace garkuna, hana hawan babur kuma ya gurgunta ƙananan kasuwanni. Ba mai musun cewa manomin da ba ya iya zuwa gonarsa tsaro yake fara bukata. Amma jinkirta raya karkara har sai an gama yaƙi yana ƙara yawan samarin da suka rasa garke da gona, kuma a cikinsu masu ɗauke da makamai ke neman mabiya. Akwai kuma haɗarin da ke cikin shawarar kanta: lambu na iya cinye burtali da mashaya, ruwan ƙasa na iya ja baya idan famfuna suka yi yawa, filin da ya yi daraja kuma mai kuɗi ke fara kai masa hannu. Maganin wannan na cikin dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, waɗanda suka tanadi kwamitocin filaye. Sai an ba su kuɗin aiki, an kuma riƙa auna zurfin ruwa, kafin a faɗaɗa ban ruwa.

6. Kammalawa

Nazarin ya kai ga shawarwari huɗu. Na farko, a ƙara wa tsarin ƙasa ma'auni na kai tsaye: yawan gidajen da suka sayar da dabbar haihuwa, ko suka ci irinsu, ko suka jinginar da gona a shekarar fari. Na biyu, a haɗa ƙaramin ban ruwa na dallol da samar da iri a cikin gida da ɗakunan ajiya, domin ribar ta tsaya a hannun manomi. Na uku, a kafa bankunan abincin dabbobi da na cimaka, a cika su tun kaka, a haɗa Tukunus da masu tara nono a kan hanyar Yamai. Na huɗu, a saki kuɗin ga ƙananan hukumomi a kan kari, tare da sa idon ƙungiyoyin manoma da makiyaya da mata, domin aikin da ya dogara da damina ba ya jiran takardar da ta makara. Fari zai sake zuwa Kurfai, kamar yadda ya zo sau da dama cikin shekara hamsin da suka wuce. Aikin tsarin ƙasa shi ne ya tabbatar cewa idan ya zo, magidanci ya shiga damina ta gaba da saniyarsa da irinsa, ba tare da bashin da zai cinye girbinsa ba.