Zango da Mai Masauki a Hanyar Gwanja

Tun kafin a san fasfo ko biza a ƙasashenmu, tun kafin Turawa su shata iyakoki su zuba musu ma'aikata, Hausawa sun riga sun ƙware wajen barin gida da zama a ƙasar da ba tasu ba, kuma babu inda wannan ƙwarewa ta fi bayyana kamar hanyar Gwanja, wadda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce an buɗe ta a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. Goro shi ne musabbabin tafiyar, domin wanda aka fi so a kurmin Asanti yake yi, alhali kuwa a ƙasar Hausa babu aure ko suna ko gaisuwar manya da ke cika ba da shi ba. Saboda haka kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, fatake sukan ɗaura niyya, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su labta wa jakuna kanwa da turkuɗi da kayan dukanci da gabu, jagaba yana gaba, madugu yana riƙe da ragamar ayari, su ƙetare kogin Kwara su biya kuɗin fito, su ratsa ƙasar Bargu, su yi wata biyu ko uku suna sauka suna tashi kafin su hango Salga, garin rijiyoyi, wanda kasuwar goro ce, kuma, abin da bai kamata mai tarihi ya ɓoye ba, babbar kasuwar bayi ce.

Farke ba ya shiga Salga ya tsaya a kasuwa yana waige-waige. Tun daga gida an riga an gaya masa sunan wanda zai sauka a wurinsa, galibi mutumin garinsu wanda ya daɗe a can, kuma wannan mai masauki, ko fatoma, shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Shi zai ba baƙo ɗaki da wurin ɗaure dabbobi, ya ciyar da shi, ya adana masa hajarsa, ya nemo dillali, ya yi tafinta tsakaninsa da mutanen ƙasa, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba shi ko da ya rantse da Alƙur'ani. Idan ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa, idan rigima ta tashi shi ne zai tsaya a gaban mahukunta ya ɗauki lamunin baƙonsa, idan kuwa ajali ya riski baƙon, shi ne zai sa a yi masa wanka da sutura, ya riƙe dukiyarsa bisa amana har ayari na gaba ya zo da labarin magada. Ba a rubuta wannan sharaɗi a takarda, kuma ba a bukata, domin fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya, kafin shekara ta kewayo labarinsa ya isa kasuwar Kurmi ta Kano, daga nan kuwa gidansa ya zama kango.

Mafi yawan waɗanda suka zauna ba da niyyar zama suka fita ba. Wani bashi ne ya tsai da shi, wani jinya, wani damina ta rufe masa hanya, wani kuma ya karye ya ji kunyar komawa hannu rabbana. To, a nan ne al'ada ta shimfiɗa wa baƙo tafarki wanda ba a tsallake matakinsa: ya fara zama a ƙarƙashin inuwar mai masaukinsa, ya kama wata sana'a wadda mutanen wurin ke bukata, ko ɗinki ko fawa ko wanzanci ko karantar da yara, ya lazimci sallar jam'i har a san fuskarsa, ya yi aure, sau da yawa da 'yar ƙasa, sa'an nan, bayan an shaidi halinsa, a kai shi gaban Sarkin Zango ya roƙi fili, shi kuwa Sarkin Zango filin da masu ƙasa suka ba shi aro ne yake yankawa. Wanda Allah ya yi wa buɗi, wata rana shi ma ya wayi gari yana saukar da baƙi. Malaman fiƙihu sun ƙarfafa wannan tsari da hukuncin zaman amana, wato cewa Musulmin da ya shiga ƙasar wani sarki bisa aminci wajibi ne ya cika alkawari, ya biya abin da aka aza masa, kada ya yi ha'inci, kada kuma ya sa baki a sha'anin sarautar da ba ta gidansu ba. Da wannan ladabi ne Musulmi suka sami gindin zama har a fadar Kumasi, inda Baturen Ingila Bowdich ya tarar da su a 1817 a zamanin Sarkin Asanti Osei Bonsu, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu, ko da yake ayarin fatake galibi a Salga ake tsai da shi, ba a barinsa ya kutsa kurmi.

Amma zaman aro, kome daɗinsa, yana rataye ne da lafiyar mai gida. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Gwanja ta zare wuyanta daga mulkin Asanti, Asantawa kuwa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo, kasuwar Salga ta fara ja da baya. Sa'an nan a 1892 'ya'yan sarautar ƙasar suka yi yaƙin basasa a kan gadon mulki, baƙi kuwa, waɗanda ba su da hannu a rigimar, suka watse suka bar gidaje da dukiya. Cikin waɗanda fitinar ta rutsa da su har da Alhaji Umaru, shahararren malami mai waƙoƙi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya koma Karaci a bakin kogin Volta ya zama limaminta, a can kuma ya rasu a 1934. Abin lura shi ne, duk inda waɗannan mutane suka sake sauka sai suka sake kafa abin da suka sani, masallaci da makarantar allo da gidan baƙi da Sarkin Zango, har ya zama rushewar Salga ita ce ta yaɗa zanguna cikin ƙasar da ake kira Ghana a yau. Bayan da Ingilishi suka kama Sarkin Asanti Prempeh a 1896, suka kuma murƙushe boren Asantawa na 1900, ƙofar Kumasi ta buɗe, zangonta ya bunƙasa. A Akra kuma Malam Baƙo, ɗan Malam Nenu mutumin Katsina, ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ta hanyar Gwanja ne Alhassan Ɗantata ya bi sawun mahaifiyarsa zuwa Akra, ya kuma kasance cikin na farko da suka ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Sai dai tsarin yana da wani aibi wanda bai fito fili ba sai da zamani ya juya. Yaron da aka haifa a zango, ko da bai taɓa ganin ganuwar Kano ba, Bakano ake kiransa, shi ma haka yake kiran kansa, kuma ubansa bai ga dalilin neman wata takarda ba tun da kowa ya san shi a unguwa. Da Ghana ta sami mulkin kai a 1957, sai tambaya ta tashi daga "baƙon wane ne?" ta koma "ɗan wace ƙasa ne?", kuma a wannan shekarar gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, ɗaya daga cikin shugabannin zangon Kumasi, zuwa Nijeriya saboda ya shiga siyasar hamayya, duk da da'awarsa cewa a ƙasar aka haife shi. Babbar musiba ta zo ranar 18 ga Nuwamba, 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Dubun dubatar mutane, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka karyar da kayansu da arha suka cika manyan motoci, cikinsu har da waɗanda ba su san kowa ba a garuruwan da aka ce nasu ne. A ranar nan lamunin mai masauki bai amfana wa kowa kome ba, domin shi ma yana cikin motar. Kada kuma mu yi saurin zargi, tun da a 1983, a zamanin Shagari, Nijeriya ta yi wa mutanen Ghana kusan miliyan ɗaya irin wannan kora.

Zangunan ba su mutu ba. Hausa ce harshen mu'amala a cikinsu har yau, kuma babban limamin ƙasar Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zangon Akra ne. Wanda ke shirin tafiya yanzu, ya nemi sunan mai masaukinsa tun kafin ya fita, kamar yadda fatake suka yi, ya tafi da sana'a a hannu. Amma ya ƙara da abin da kakanninmu suka yi sakaci da shi, ya yanki takardar haihuwa ga kowane ɗa da aka haifa masa a can, ya kuma sani cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kaɗai ta ba shi ya zauna ba biza, bayan nan sai da izinin hukumar ƙasar.