Foka da Unguwannin Dare na New Orleans: An Rushe Gidajen, Kartar Ta Tsira

Da farko kati ashirin ne kawai a kan tebur. Mutum huɗu, kowa a raba masa biyar, shi ke nan kartar ta ƙare. Babu canji, babu ƙari, abin da ya faɗo hannunka da shi za ka yi. Daga kowane gida na karta ana ɗauko biyar na sama: es, sarki, sarauniya, jek da goma. Wanda ya haɗa es huɗu, ko sarki huɗu da es ɗaya, ya san babu mai doke shi. Sauran kuwa sai su dogara da ido da burga. Mai hannu maras kyau yana iya ƙara kuɗi da ƙarfin hali har mai hannu mai kyau ya tsorata ya ajiye nasa. Haka wani ɗan wasan kwaikwayo Baturen Ingila, Joe Cowell, ya ga ana buga foka a 1829 cikin jirgin ruwa mai gangarawa New Orleans, ya kuma rubuta labarin a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1844.

Yawancin masu bin diddigin wasan sun yarda cewa a New Orleans ya ɗauki kamannin da aka san shi da su, daga wani wasan Faransawa mai suna poque. Birnin na Faransa ne tun kafuwarsa a 1718, ya shiga hannun Sifaniya, ya dawo wa Faransa, sannan Amurka ta saye shi tare da dukan yankin Luwiziyana a 1803. Yana kusa da inda kogin Misisifi ke shiga teku, don haka duk abin da aka noma a tsakiyar Amurka nan yake sauka.

Masu kawo kayan su ne abokan cinikin farko na dare. Manoma da 'yan kwale-kwale daga Kentaki da Ohayo sukan haɗa wani faffaɗan jirgin katako, su loda masa gari da naman alade da taba da giya, su bi ruwa makonni. In sun iso sai su sayar da kayan, su farfasa jirgin su sayar da katakon, domin ba ya iya komawa sama gaba da ruwa. Gida kuwa a ƙafa ake komawa, ta hanyar dajin Natchez. Ka ga mutum ke nan da kuɗin gumin shekara guda a aljihu, a garin da ba wanda ya san shi. Unguwar da ke jiransa ita ce wadda ake kira Swamp, wajen titin Girod, bayan gari: rumfunan katako, ɗakunan kwana masu arha, giya da teburin caca a ƙarƙashin rufi guda. An ce ko 'yan sanda ba sa son leƙawa. Da yawa sun kama hanyar gida hannu rabbana. Daga baya, tun wajen 1840, titin Gallatin da ke bayan kasuwar Faransawa ya gaji wannan mugun suna, da matuƙan jiragen teku a matsayin abincinsa.

Manya ba a nan suke zama ba. A 1823 majalisar jihar ta ba da izinin buɗe gidajen caca shida a birnin, kowanne ya biya dala 5,000 a shekara, kuɗin su tafi asibitin Charity da kwalejin birnin. A 1827 John Davis, mai gidan wasan kwaikwayo na Orleans, ya buɗe gidansa a mahaɗar titin Orleans da Bourbon, ba a rufewa dare ko rana, abinci da abin sha kyauta, don kada mai asara ya sami dalilin tashi. A 1835 majalisar ta sake shawara ta haramta gidajen gaba ɗaya.

A nan ne bambancin foka da sauran caca ya fito fili. Wasannin gidan Davis, irin su faro da rulet, da mai gida ake bugawa. Akwai tebur na musamman, akwai ma'aikaci, akwai akwatin kuɗi, kuma lissafin yana bayan mai gida. Irin wannan hukuma tana iya sa masa haraji, tana iya garƙame ƙofarsa. Foka kuwa 'yan wasa junansu suke ci. Ba ta bukatar komai sai karta da wurin zama. Dokar da ta rufe gidan caca ba ta da yadda za ta yi da mutum huɗu a ɗakin baya na shagon aski.

Jiragen ruwa masu tururi, waɗanda na farkonsu ya iso birnin a Janairun 1812, su suka yi wa wasan dako zuwa sama. Fasinjoji suna kwanaki a kan ruwa ba aikin yi, fatake da masu gonakin auduga da kuɗi a ƙugu. Ƙwararrun macuta suka mai da jiragen gonarsu: karta mai alama, raba kati daga ƙasa, abokin baki da ke zaune kamar baƙo yana ba da ishara. Jonathan Green, wanda ya taɓa wannan sana'a kafin ya tuba, ya tona dabarun a littafinsa na 1843. Haushin jama'a ya kai ga a Yulin 1835 mutanen garin Vicksburg suka rataye 'yan caca biyar ba tare da shari'a ba. Cikin shekarun da suka biyo baya aka koma karta mai kati 52 don mutane fiye da huɗu su iya zama, aka shigo da canjin kati, kuma yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya koya wa dubban sojoji wasan, suka koma da shi garuruwansu.

Akwai abin da masu kwarzanta wannan zamani ba su cika faɗa ba, kuma bai kamata a tsallake shi ba. New Orleans ce babbar kasuwar bayi ta Amurka a lokacin, kuma dukiyar da ke yawo a kan teburan nan gumin bayi ce daga gonakin auduga da rake. Wani lokaci ma bawan da kansa ake sawa. William Wells Brown, wanda ya yi aiki a jiragen Misisifi yana bawa kafin ya tsere a 1834, ya kwatanta a rubutunsa yadda ubangida zai ƙare da kuɗi ya jingina yaronsa a kan tebur. Mutum ya kwanta a hannun wani, ya tashi a hannun wani, saboda kati biyar da bai ma gani ba.

Bayan yaƙin basasa hukumomin birnin suka ci gaba da wannan rawa ta gaba da baya. A farkon shekarun 1880 magajin gari Joseph Shakspeare ya shirya da masu gidajen caca su riƙa biyan wani abu duk wata, aka gina gidan gajiyayyu da kuɗin. Sai 1897, lokacin da ɗan majalisar birni Sidney Story ya kawo dokar da ta killace karuwanci a unguwa guda bayan tsohon gari, tsakanin titin Basin da Robertson. Jama'a suka laƙaba wa unguwar sunansa, Storyville, abin da bai yi masa daɗi ba.

Shekara ashirin unguwar ta yi tana ci. A bakin titin Basin akwai manyan gidaje masu madubai da fitilu, irin Mahogany Hall na Lulu White, da mashayar Tom Anderson, ɗan majalisar jiha da ake wa kirari da magajin garin unguwar. A lungunan baya kuwa ƙananan ɗakuna ne, gado da kujera, inda mata matalauta ke haya suna karɓar ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Har littafin jagora ake bugawa wa baƙi. Baƙar fata yana iya shiga manyan gidajen a matsayin makaɗi ko bara, amma ban da abokin ciniki. Nasu wurin yana can wajen titin Perdido, inda Louis Armstrong, haifaffen 1901, ya girma, kuma yana yaro yakan kai gawayi Storyville a keken alfadari yana sauraron kiɗa daga waje.

Karta tana ko'ina a wannan duniya, sai dai ba ta da allo a ƙofa. Ana buga ta a bayan mashaya, a ɗakin sama, a wurin da makaɗa ke jiran a kira su. Jelly Roll Morton, wanda ya fara kaɗa fiyano a gidajen unguwar tun yana saurayi, ya ci abinci da karta da biliyad kamar yadda ya ci da kiɗa, kuma a wata hira da aka yi da shi a 1938 ya ba da labarin yadda ake cin leburori kuɗin albashinsu a wasan karta. Ko a nan, wanda ya kawo kuɗin gumi shi ne ke tashi ba komai.

Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, rundunar sojan ruwa ta ce ba ta yarda da irin wannan unguwa kusa da sansaninta ba. Magajin gari Martin Behrman ya yi ta kai gwauro yana kai mari, bai yi nasara ba. A Nuwamban 1917 aka rufe Storyville. Wajen 1940 aka rushe mafi yawan gine-ginenta aka gina rukunin gidajen gwamnati na Iberville, Mahogany Hall kuma ya bi baya a 1949. Titin Gallatin tun a shekarun 1930 aka share shi aka sake masa suna. Yankin da Swamp take yanzu dogayen ofisoshi ne, kusa da filin wasa na Superdome da aka buɗe a 1975. Harkar dare ta koma titin Bourbon, inda 'yan yawon buɗe ido ke cika har yau.

Foka kuwa ta riga ta shiga gida. A ƙarni na 20 ta zama wasan daren Juma'a na ma'aikata da tsofaffin sojoji, a kan teburin cin abinci, da ƙananan kuɗi, abokai ɗaya shekara da shekaru. Shugaba Harry Truman ma an san shi da ita. Ban ce wannan ya wanke ta ba, domin gidaje da yawa sun mutu ta ƙaramar caca da aka raina. Amma gaskiya ne cewa 'yan sha'awa ne suka riƙe wasan lokacin da aka kori ƙwararru. A 2003 wani akanta daga Tenesi, Chris Moneymaker, ya sami gurbi ta wasan intanet ya je Las Vegas ya ci babbar gasar duniya da dala miliyan 2.5, abin da ya ja dubban masu wasan gida suka ɗauka su ma za su iya. Mafi yawansu kuɗin shiga kawai suka bayar.

Luwiziyana ta koma ga dabarar 1823. A 1991 ta halatta caca a jiragen ruwa da na'urorin foka a mashaya, a 1999 aka buɗe babban gidan caca na Harrah's a ƙarshen titin Canal, wanda yanzu ake kira Caesars. Tsohon gwamna Edwin Edwards, da kansa sanannen ɗan caca, kotu ta same shi da laifi a shekarar 2000 kan karɓar kuɗi wajen ba da lasisin jiragen, aka yanke masa shekara goma. Dokar jihar kuwa har yanzu abin da take hukuntawa shi ne gudanar da caca a matsayin kasuwanci ba da izini ba. Mai gidan da ke cire kaso daga kuɗin tebur ya shiga hannu, abokan da ke bugawa tsakaninsu a ɗakin girki kuwa doka ba ta neme su ba.