Gyaran tsagar bangon bulo kafin filasta

Filasta ba ta warkar da tsaga, rufe ta kawai take yi. Shi ya sa gidan da aka yi wa filasta da rani a Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, kan wayi gari da tsagarsa ta dā bayan damina ɗaya.

Abin da magini zai fara tantancewa shi ne irin tsagar. Siririya kamar zare yawanci bushewa ce ke kawo ta, musamman idan an ɗora bulo da hunturu ba a ba shi ruwa ba, ko kuma mai buga bulon ya yi rowar siminti. Ita ake faɗaɗawa da guduma da kurfi, a share ƙurar, a jiƙa wurin sosai, sannan a cusa kwaɓin kwano ɗaya na siminti da uku na yashi. Inda bulo ya haɗu da kankaren linta ko ginshiƙi, ana ɗora ragar waya ta haye tsagar. A yi ta ban ruwa kamar kwana 7.

Wadda ke bin layin bulo hawa-hawa kamar matakala, ko ta fi faɗi daga sama, maganarta daban ce: alama ce cewa harsashin ginin na zaunawa, sau da yawa saboda ruwan indararo da ke kwanciya a gindin bango. Gwajinta ba shi da tsada. A manna ɗan siminti a kanta, a jira makonni kaɗan. In ya tsage, bangon yana motsi, kuma injiniya ya kamata a kira kafin a sayi buhun filasta ko ɗaya.