Yashi da Famfunan Ban Ruwa a Kwarin Gulbin Maradi

Tun kafin zuwan inji, masu haƙar rijiya a ƙasar Madarunfa sun san cewa yashin kwarin Gulbin Maradi, wanda yake adana ruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma yake zaftare bakin rijiya ya cike gindinta, abin da ya sa yasar rijiya ta zama sana'a mai zaman kanta.

Da aka buɗe filin noman rani na Jiratawa cikin wannan kwari a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin kulawar hukumar filayen ban ruwa ta ONAHA wadda aka kafa a 1978, sai matsalar ta sauya kama, domin famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse yana zuƙo ruwa tare da ƙwayoyin yashi, su kuwa suna cin farfelarsa sannu a hankali har ƙarfinsa ya ragu. Maganin da aka dogara da shi bai wuce rariya ba, wato bututu mai tsaga-tsaga da ake kewayewa da tsakuwa domin ta tare yashin, dabarar da masu haƙar man fetur ma suke amfani da ita, ko da yake rijiyoyinsu sun fi zurfi nesa ba kusa ba.