Yadda ƙ da ɗ Suka Sami Gurbi a Harshen Python

Duk malamin da ya buga jarrabawar Hausa a Madawa a farkon shekarun 2000, ya kai ta wata kwamfuta a Buza ko Keita, ya san wannan takaici: é da ç na Faransanci su iso lafiya, ƙ da ɗ kuwa su rikiɗe su zama alamar tambaya. Tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai gurbi 256 kacal gare shi, babu na haruffanmu masu lanƙwasa, alhali tun shekarun 1930 ake rubuta Hausa da su.

Wannan matsala ta riski Python, harshen ba kwamfuta umurni da Guido van Rossum ya fitar a Holan a 1991, wanda kowa ke iya ɗauka kyauta ya gyara. An so shiri ɗaya ya yi aiki a Windows da Linux da Mac, ga shi kowane da yadda yake ajiye rubutu. A Disamba 2008 masu gina shi suka yanke shawara mai ɗaci: daga fitowa ta 3, duk rubutu ya koma ma'aunin Unicode, wanda ya tanadi gurbi har ga ƴ ɗinmu ta Nijar. Tsofaffin shirye-shirye da dama suka tsaya cik, aka yi ta gunaguni. Sai a Janairun 2020 aka sallami fitowa ta 2. A ganina sun yi daidai, ko da yake ba don Bahaushe suka yi ba.

A Windows kuwa Python ya ci gaba da buɗe fayil bisa tsohon tsarin na'urar, sai a 2018 aka ƙara maɓallin tilasta UTF-8.